Ina Wutar Take Zuwa Bayan Ta Bar Ampul?

A shekarar da fari ya sake dawo mana, wanda ya biyo bayan na farko da kamar shekara goma, ina koyar da kimiyyar fizik a jami'a, kuma ban daɗe da kama aikin ba. Da aka ba mu babban hutu sai na yi haramar gida, Damagaram. Ana ta faɗa a rediyo cewa damina ta ƙi, amma ban san abin ya kai haka ba sai da na gani da idona ta tagar mota. Geron da aka shuka ya tsiro, ya kai kamar taƙi, ya bushe a tsaye. Ga mushen shanu a bakin hanya, har ungulu sun gaji sun bar su. Mata da ƙwarya a ka, goyo a baya, duk sun fuskanci kudu.

Gidanmu yana cikin Birni, a wani lungu mai yashi da mota ba ta shiga. Na tarar ya cika maƙil. Dangin mahaifiyata na ƙauyen Dakusa sun taso kusan gaba ɗaya, wasu ma ban taɓa ganinsu ba, har ɗakin da na girma a ciki an shimfiɗa wa wata gwaggo da jikokinta tabarma. A tsakar gida tukwane ne jere, an jiƙa anza, ƴaƴan dajin nan da ake ci lokacin yunwa, ana jiran ɗacinta ya fita. Iya ta rame ƙwarai, da na yi magana sai ta ce mini zafi ne kawai. Aka kawo mini tuwon jar dawar taimako, ina ci yara suna bin hannuna da ido, daga kwano zuwa baki. Loma kaɗan na yi na tura musu.

Ban daɗe da sauka ba wani abokina ya zo a kan ƙaramin babur ɗinsa, mobilet. Tare muka yi lakkal, wato makarantar boko, tun muna ƙanana, shi ya zama injiniyan ruwa. Ko gaisawa ba mu gama ba ya shiga maganar da ta kawo shi. Wata ƙungiyar taimako ta kawo famfuna masu aiki da hasken rana, za a kafa su a kan rijiyoyin da aka haƙa da inji a wasu ƙauyuka. Kowane famfo yana da faifansa na gilashi mai kama rana, wanda suke kira panno, da wayoyi, da injin da ke jawo ruwa daga ƙasa, wanda suke kira mota. Masu kafawa suna nan, amma da sun kafa za su wuce gaba, ba wanda zai zauna ya kula da abin.

Ya ce, "Ɗaliban jami'a sun cika gari, suna hutu, ba abin yi, ba abin ci. Waɗanda ke karatun kimiyya sun kawo kansu, za a riƙa ba su dawa su da iyayensu. Ni ban da lokacin zama da su. Kai ne malami, ka gwada mini su, ka faɗa mini wanda zan iya bar wa famfo in yi barci."

Na ce wannan ai ba wani abu ba ne. A raina ina ganin safiya ɗaya ta isa.

An ba mu aji a wata lise, wato sakandare, da ke rufe saboda hutu. A barandar ajujuwan mutanen arewa ne da fari ya koro suka yada zango, sun ɗaura tsummoki don inuwa, sai da muka riƙa tsallake ƙafafun tsofaffi kafin mu shiga. Ɗaliban sun yi yawa, sai na raba su biyu, rabi yau rabi gobe. Daga jami'o'i daban-daban suke, wasu na cikin ƙasa, wasu na maƙwabta. Kowa ya zo da takardar sakamakonsa ya ajiye mini a kan tebur, kuma sakamakon ya yi kyau, ban ga abin kushewa ba.

Ban shirya musu tambayoyin lissafi ba, don famfo ba ya tambayar lissafi. Na biya kasuwa na sayi pil, wato batir irin na tocila, da ƙananan ampul, wato ƙwan fitila, da guntayen waya. Na ciro maganaɗisu daga cikin wata matacciyar rediyo, na aro busol, wato allurar nan mai nuna arewa, na kuma karɓi munduwar jan ƙarfe ta Iya. Na ba kowa pil ɗaya, ampul ɗaya, waya ɗaya. Na ce su kunna.

Sai suka yi dariya. Wani daga baya ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin boko, ya ce, "Mushe, mu fa ba ƴan firamare ba ne."

Na ce, "To ku kunna mu wuce gaba."

Na koma bakin taga ina jira a kira ni. Ba a kira ni ba. Dariyar ta yi ta raguwa har ajin ya yi tsit, ba ka jin komai sai tarin wani tsoho a baranda. Na juyo na fara zagawa tsakanin teburan. Kusan dukansu abu ɗaya suka yi: sun ɗora bakin waya a kan pil, ɗaya bakin a gindin ampul, sun danne suna jira. Wani ya ce pil ɗinsa ya mutu, na musanya masa. Wani ya ce ampul ɗin ne ya ƙone, na ɗaga shi ga haske na nuna masa zaren ciki lafiya lau. Wani ya ce sai an ba shi waya ta biyu, da na tambaye shi ina zai sa ta, sai ya ce a littafi dai biyu ake zanawa.

Waɗannan ba yara ba ne. Akwai waɗanda shekara ɗaya ta rage musu su fita su tsaya gaban allo.

Wata yarinya ce ta fara kunnawa, ƴar unguwarmu, mahaifinta baduku ne a bayan gidanmu. Ta yi ta jujjuya kayan har ta ɗora gindin ampul a kan pil, ta kai waya daga ƙasan pil zuwa gefen ampul. Ya kawo haske, ta zabura har ta saki.

Na ce, "Madalla. To me ya sa ya kama yanzu?"

Ta dube ni, ta dubi hannunta. Ta ce, "Wallahi Mushe ban sani ba. Dace na yi."

A layin gaba akwai wani saurayi dogo, siriri, daga wani ƙauye na ƙasar Zermu. Takardarsa ta fi ta kowa, tun daga lise bai taɓa sauka daga na ɗaya ba. Rigarsa ta koɗe amma a goge take. Da ya ga yadda yarinyar ta yi sai shi ma ya yi, ya kunna, ya ɗaga kafaɗa kamar dama ya sani. Na kira shi gaban allo, na ce ya bayyana mana abin da ke faruwa. Ya ɗauki alli ya fara rubutu da Faransanci, hannunsa kamar na ɗab'i. Ya rubuta dokokin nan huɗu da suka haɗa lantarki da maganaɗisu, bai kuskure ko ɗigo ba, ya fitar da wata daga cikin wata, ya cika allon har ƙasa. Da a ɗakin egzame ne, wato jarrabawa, da cikakken maki zan ba shi ban yi tunani sau biyu ba.

Ban san abin da ya sa ba, sai na ji na ce masa da Hausa, "Ajiye allin. Ka ɗauka ni babanka ne, ban yi lakkal ba. Faɗa mini da Hausa, mene ne yake fita daga pil ɗin nan, ina yake bi, ina yake zuwa?"

Ya ajiye allin. Ɗalibai suka dubi juna, don ba a saba jin Hausa daga bakin malami a cikin aji ba. Sannan ya yi murmushi, ya saki jiki, ya yi magana da muryar da ban ji ba tun safe, muryar mutumin da ke faɗar abin da ya tabbata da shi.

Ya ce, "Ai a fili yake, Mushe. Wuta tana fitowa daga kan pil, ta shiga ampul, ampul ya cinye ta ya mai da ita haske. In ta yi saura, sauran ya fita ta ɗaya gefen ya zube."

"Ya zube ina?"

"Ko'ina. Ƙasa ma tana shanye shi. Ba ka ga gidajen da ke da wutar kuran ana binne musu ƙarfe a gindin bango ba?"

Na dubi sauran. Kawuna suna ta gyaɗawa. Na ce wanda bai yarda ba ya ɗaga hannu, ba hannun da ya tashi. A bayansa kuwa, a kan allo, ga dokar da ya rubuta da hannunsa, wadda ke cewa abin da ya shiga waya shi ne ke fita, ba ya raguwa, ba ya ɓacewa. Yana tsaye tsakanin abin da ya rubuta da abin da ya faɗa, bai ga sun saɓa ba ko kaɗan.

Na ci gaba da sauran gwajin. Na ɗaga munduwar Iya na tambaya ko maganaɗisu zai ja ta. Duka suka ce zai ja, ai ƙarfe ce. Na kai shi kusa, munduwa ba ta motsa ba, wani ya ce maganaɗisun ne ya tsufa, sai da na manna masa shi a ƙusar tebur. Na tambayi abin da ke sa maganaɗisu ya ja ƙusa, suka ce gefe ɗaya cike yake da wutar ƙari, ɗaya da ta ragi, kamar pil. Na shimfiɗa waya a kan busol na haɗa ta da pil, allurar ta juya, sai ajin ya ɗauki salati kamar na yi tsafi. Wannan juyawar allurar kuwa sun lissafa ta a takarda sau ba adadi, sun ci maki a kanta.

Ban gyara musu komai ba ranar, saboda rabin na biyu za su zo washegari da tambayoyi iri ɗaya, ba na son amsa ta riga su. Niyyata in haɗa su duka bayan nan mu faro daga tushe. Na sallame su, na zauna a kan tebur ina kallon allon.

Da la'asar abokina ya same ni a zaure. Na ce masa ba ko ɗaya da ya isa a bar masa famfo, ya ba ni ko da mako biyu ne.

Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Mako biyu? Ka san abin da ake sha a ƙauyukan nan? Laka ake tacewa da gefen zane. Kamiyon, babbar motar kayan Zermu, yana tashi yanzu, kuma dogon yaron nan da ya fi kowa maki ɗan can ne. Na ga takardarsa, ta fi tawa lokacin da nake kamarsa."

Na ce, "Na ga takardar, na kuma ji bakinsa. Bai san abin da waya ta biyu take yi ba."

"Ba wanda ya ce ya taɓa waya. Ya share ƙura daga panno, ya kori awaki, ya rufe famfo da magariba. Ko makaho zai iya."

Ya hau mobilet ya tafi. Kafin magariba kamiyon ya bar gari da yaron a bayansa.

Rabin na biyu ba su bambanta da na farko ba. Daga nan kowace safiya muna cikin ajin nan. Na hana a taɓa alli sai an taɓa waya. Muna magana da Hausa, in kalma ta gagara mu ara daga Faransanci mu ci gaba. A nan na lura bakinmu ma yana taya su ɓata, don kullum cewa muke fitila tana cin wuta, pil ya ƙare, wuta ta tafi. Wanda ya tashi yana jin haka, ya je lakkal aka ba shi wata magana da wani harshe, sai ya ajiye kowace a nata wuri, ɗaya ta egzame, ɗaya ta rayuwa, ba su taɓa haɗuwa ba. Ƴar badukun nan ita ta fi kowa naci. Ta sa ampul biyu a jere ta ga haskensu ɗaya, ta musanya su ta sake gani, ta ce, "To in na farko ya cinye, me na biyu yake ci?" Ta yi wuni tana fushi da ampul ɗin kamar su suka yi mata ƙarya.

Muna cikin haka wata safiya abokina ya faɗo ajin ko sallama babu. Direban da ke kai dawa ne ya kawo labari, famfon ƙasar Zermu ya tsaya, kuma ya kwana biyu a tsaye. Ya ce in taso mu tafi. Ya jefa naɗin waya da akwatin kayan aiki a bayan motar aikinsu, muka kama hanya.

Wari ne ya fara tarbarmu tun ba mu hango garin ba.

Abin da ya faru shi ne, famfon ya yi aiki da farko, ruwa fari tas, har labari ya bazu cikin daji. Makiyayan da ke da sauran dabbobi suka juyo da su daga hanyar kudu suka nufo garin, wasu daga nesa ƙwarai, da ƙarfin da ya rage musu. Suna isowa, ruwa ya ɗauke. Ba su da ƙarfin komawa, sai suka zauna jira. Mun tarar da shanu kwance kewaye da kwamin siminti busasshe, wasu sun kumbura, wasu suna numfashi da ƙyar, haƙarƙarinsu kamar a ƙirga. Tulunan mata a jere tun daga bakin famfo har cikin gari, kowane an ɗora masa dutse don riƙe layi. Mutane suna zaune a ƴar inuwar da suka samu. Ba kuka, ba hayaniya. Da muka fito daga mota ido kawai suka ɗago.

Yaron yana zaune a ƙarƙashin panno. Da ƙyar na gane shi. Leɓɓansa sun tsattsage, idanunsa sun faɗa. Simintin da aka kafa famfon a kai ya cika da lissafi da gawayi, an goge an sake, an goge an sake. Kusa da shi wani dattijo ne a tsugune, mahaifinsa, yana yi masa fifita da hula.

Ya yunƙura ya miƙe. Ya ce, "Mushe, na duba komai. Lissafin daidai yake. Ban san abin da ya hana ba."

Na ce ya nuna mini abin da ya faru daga farko. Wayoyi biyu ne suka taso daga panno zuwa motar famfo, ja da baƙa, ba a kai ga binne su ba. Amalanken jaki ɗauke da duro ya bi ta kai, ƙafarsa ta datse jar, ta kuma tauna wani yanki nata har ba ya haɗuwa. Ba shi da wata waya, gari kuma ba mota. Sai ya yanko daga jikin baƙar ya cike jar da shi. Haɗin ya yi kyau, ya naɗe shi tsaf da robar taya. Guntun baƙar da ya rage a jikin mota kuwa, ya ɗaure shi a wani turken ƙarfe ya kafa cikin yashi.

Ya ce, "Baƙar ai ta saura ce. Na ba ta ƙasa ta zuba a ciki."

Na dubi gindin turken, sai na ga yashin wurin da danshi. A duk faɗin wurin nan ba inda ke da danshi sai nan.

Dattijon ya ga inda nake kallo. Ya ce, "Malam, ka yi masa magana. Ɗan abin da uwarsa ke samowa daga tsohuwar rijiya, rabonsa nan yake juye shi. Ya ce ƙasar ce ta bushe da yawa shi ya sa ba ta karɓa. Na ce ya sha ko kurɓi ne, ya ƙi."

Abokina ya tsaya yana kallon turken. Na ɗauka zai yi ihu. Bai yi ba. Ya je mota ya ɗauko naɗin waya, ya durƙusa, ya kwance guntun daga turke, ya haɗa shi da ɗan'uwansa da ke kwance a gindin panno. Aikin bai kai tsawon alwala ba. Motar ta yi gurnani a can ƙasa, bututu ya yi tari, ya tofar da iska, sai ga ruwa.

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi sosai. Mata suka taso a guje, layin tuluna ya watse. Shanun da ke iya tashi suka afka wa kwami suna tattake waɗanda ba sa iyawa. Na ga wani makiyayi ya cika ƙwarya ya kai wa wata saniya da ke kwance, ya tallafo kanta ya sa bakinta a ciki, yana kiranta, yana shafa wuyanta. Ba ta sha ba. Ya zauna a wurin da ƙwaryar a cinyarsa, shi ma bai sha ba.

Mai gari ya zo yana ta sa mana albarka. Ya kama hannun yaron ya ce, "Wannan ɗa namu bai bar gindin abin nan ba dare da rana. Da ba don shi ba da yara sun ƙarasa lalata shi." Dattijon ya sunkuyar da kai don jin daɗi. Ba wanda ya san abin da ya faru sai mu uku. Yaron ya buɗe baki, abokina ya damƙi hannunsa ya ce masa a hankali da Faransanci ya yi shiru, akwai mutanen da suka rasa dukiyarsu duka a wurin nan, ba a san abin da za su yi ba.

Na sa ya sha ruwa, sannan na ja shi gefe. Ya ce, "Mushe, na ga ya tashi, amma ban gane ba. Mota ta riga ta ci wutar. Me ke komawa ta baƙar?"

A bakin garin akwai rumfar injin niƙa da ya daɗe bai ga hatsi ba. Na kai shi can. Na nuna masa bel ɗin da ya taso daga inji ya zagaya kan maniƙa ya dawo. Na ce ya juya da hannu. Ya juya, maniƙa ta motsa.

Na ce, "Wanne ne ke kai ƙarfi, na sama ko na ƙasa?"

"Ai bel ɗaya ne."

"Wanda ke dawowa ya fi mai tafiya siranta? Maniƙa ta ci wani abu daga jikinsa?"

"A'a."

"To in na yanke mai dawowa na ɗaure shi a turke?"

Ya ci gaba da juya bel ɗin a hankali, yana bin wani ɗinki da ke jikinsa da ido, ɗinkin ya tafi, ya zagaya, ya dawo hannunsa. Na ce masa abin da ke ƙarewa a inji mai ne, abin da ke ƙarewa a pil ƙarfin turawa ne, amma abin da ake turawa zagayawa yake yi, kuma duka yake dawowa. Sai ya saki bel ɗin ya zame ya zauna a ƙasa.

Ya ce, "Shi ne abin da na rubuta a allo."

"Shi ne."

"Na rubuta shi ya fi a ƙirga. Ba wanda ya taɓa tambayata ko me yake nufi." Ya ɗago. "Mushe, shanun nan ni na kashe su?"

Na so in ce a'a. Na ce masa wasu da mutuwarsu suka iso, ko an ba su kogi ba za su tashi ba, wasu kuma da sun samu ruwa da wuri da wataƙila sun rayu, kuma ba ni da yadda zan raba masa waɗannan da waɗancan. Ya gyaɗa kai. Abokina ya so mu komo da shi gari a kawo wani, ya ce ba inda za shi. Muka bar masa naɗin wayar. Kafin mu tashi shi da ƙannensa sun fara haƙa ramin binne wayoyi.

A hanya abokina ya tsayar da mota a tsakiyar daji, ya fita ya tsaya ya ba ni baya na ɗan lokaci. Da ya dawo ya ce sauran ɗaliban su zauna wurina har sai na ce sun isa. Haka aka yi. Ƴar badukun aka ba famfon wani ƙauye kusa da Dakusa, ta zauna a gidan wata gwaggona da ba ta taso ba.

Da hutu ya ƙare na koma bakin aiki, na shiga ajin ƴan shekarar ƙarshe da pil da ampul a aljihu. Abin da na gani a Damagaram shi na sake gani. Na kai maganar gaban malaman sashenmu, na ce a sa irin waɗannan tambayoyi cikin egzame, a riƙa sa ɗalibi ya faɗi abin da ya fahimta da bakinsa. Wani babba a cikinmu ya ce wannan ba tambayar jami'a ba ce, za a yi mana dariya a waje. Wasu suka goyi bayansa, wasu suka yi shiru. Ban samu yadda nake so ba, amma ajina nawa ne, kuma tun daga shekarar ban ƙara sa hannu a sakamakon ɗalibin da ban ji bayaninsa da kunnena ba.

Shi yaron bai koma karatu ba a shekarar. Ya zauna gindin famfon har damina ta zagayo, kuma ruwa bai ƙara ɗaukewa ba. Da na zo hutu na gaba an yi ruwa, gari ya yi kore, ya zo ya same ni a zaure, zai koma jami'a. Ya yi ƙiba kaɗan. Muka gaisa, na tambayi mutanen gida, sai ya ce, "Mushe, na gaya wa Baba."

Na ce, "Yaushe?"

"Bayan tafiyarku da kwana kaɗan. Na kasa cin abinci a gabansa."

"Me ya ce?"

"Ya dube ni. Sannan ya ce, to yanzu ka sani? Na ce na sani. Ya ce to tashi ka koma gindin famfon, rana ta fito, ƙura ta rufe gilashin."